Yadda Na Kusa Kashe Auren Ɗanladi Tun Ba a Ɗaura Ba

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. In na buɗe shagona a Ƙofar Kwaya, kafin in ɗauki zarto wani ya leƙo: "Lawal, wai da gaske ka shiga coci?" Wani ya ce alade aka yanka mini. Mamman Direba kuwa, Allah ya shirye shi, har rantsuwa yake yi wai an gan ni da gicciye a wuya. To ga labarin nan na rubuta sau ɗaya. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa, ni dai na gaji da maimaitawa.

Wanda bai san Ɗanladi ba, birkila ne, mutumin ƙasar Benin. Sunansa na yanka Kosi, ya ce mana ma'anarsa wanda aka haifa ran Lahadi, mu kuwa muka sauƙaƙa wa bakinmu. Shekara goma sha huɗu yana zaune a ɗakin zauren gidanmu. Rabin gidajen unguwar Kambarawa hannunsa ya taɓa su, Hausarsa kuma ta fi ta wasu Kanawan daɗin ji. Ɗan Katolika ne na gaske. Ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ran Lahadi sai ya saka farar rigarsa ya tafi.

Da ya ce zai yi aure a garinsu, na ɗauka irin namu ne: a idar da Juma'a, waliyyai su matso, a raba goro da alawa, kafin takalminka ya huce an shafa fatiha. Ashe ba haka ba ne. Wata shida yana zuwa cocinsu na nan ana koya masa aure, gardi mai shekara arba'in. Na ce, "Ɗanladi, mi ake koya maka? Ka zo in koya maka kyauta, ai na fi wanda ke koya makan sanin hanya, shi ko sau ɗaya bai taɓa yi ba." Sai da aka nemo takardar baftismarsa tun ta jarinta. Sai da aka yi shelar sunansa da na amaryar Lahadi uku a jere, a can da nan, wai ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana. Bayan duk wannan, Fadan garinsu, wato limaminsu, ya aiko cewa takarda ba ta ishe shi ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu a ƙasar wasu, shi sai ya ga wanda ya zauna da shi ido da ido, ya ba da shaida. Ɗanladi ya dube ni. Na buga ƙirji na ce ai shaidar aure gadona ce, a unguwarmu ban san adadin waɗanda na tsaya wa ba.

Muka tashi da hantsi a wata fijo mai tafiya tana tari. Kayana jaka ɗaya, sai ƙullin goro, sai wata kujera 'yar tsugunno da na sassaƙa wa amarya. An ce soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi ƙasa, amma masu kakin da ke hanyar Jibiya ina jin ba a kai musu saƙon ba. Direbanmu ya sha labaran rediyo ya ƙoshi. A shinge na uku ya leƙa da kai ya ce, "Yallaɓai, yanzu fa dimokuraɗiyya ake yi!" Mai kakin ya ce madalla, ya faka gefe ya yi masa bayaninta. Awa guda muna cikin rana, shi kuwa mai kakin ya ciro kujerar amarya daga bayan mota ya zauna a inuwa yana jin bayani. Kafin mu kai inda za mu, kujerar nan ta ɗauki mazaunan hukumar ƙasa uku.

A kan iyaka jandarman Nijar ya tambaye ni katin allura. Na ce ni lafiyata lau, ko zazzaɓi ba na yi. Ya nuna mini wata rumfa inda wata mata ke zaune da sirinji. Ku kun san ni, na fi yarda in hau rufin bene ba tsani da in ga allura. Na dubi Ɗanladi ya cece ni da Faransancinsa, sai na ga ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Aka soke ni ina salati da ƙarfi, har wata tsohuwa mai tallar gyaɗa ta ce, "Haba Malam, sai ka ce naƙuda."

Muka kwana Maraɗi gidan Alhaji Idi, ɗan'uwan mahaifiyata. Tun kafin mu sha ruwa ya tuna mini cewa su ne Katsinawan asali, mu ragowar da aka bari gadin ganuwa ne. Aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, in ka gutsura sai dasashinka ya yi jini. Da ya ji abin da ya fito da ni, ya gyara zama ya fara jawo fatawa, ko ya halatta Musulmi ya yi shaidar auren coci. Hajiyarsa daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, maƙwabcinsa ne. Gaskiya aka ce ya je ya faɗa, ba tsafi ba." Alhaji ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Hanyar Gaya ba abin da zan ce a kanta sai tsawo. Motar ta mutu a Dogon Dutse, muka tura. Wata mata ta ɗora mini kwandon zabi a cinya, ba ta karɓa ba sai Dosso, zabin kuma suka yi mini abin da suka ga dama a wando. Muka haye gadar kogin Kwara muka shiga Benin. A Paraku muka sauka zangon Hausawa, wurin wani mahauci Bagobiri da ya shekara talatin bai je gida ba. Ya ba mu sakwara da wani cukun Fulani da suke soyawa a miya, wallahi na ci har na ji kunya. A nan na fara ganin mata na tuƙa babur da kansu, ɗaya har da goyo da buhun gawayi. Ta kusa take ni, kuma ita ce ta yi mini faɗa.

Ran Talata da la'asar muka isa ƙauyensu, can gaba da Dasa, tsakanin duwatsu. Aka tarye mu da ƙwaryar ruwa, aka ɗan zuba a ƙasa, sannan aka miƙo mini. Amaryar sunanta Afi, tela ce, mace mai kamun kai, ba yarinya ba. Shekara biyar tana jiran Ɗanladi ya gama gina musu ɗaki. Ta dube ni tsakiyar ido ta miƙo hannu, na rasa yadda zan yi na cusa nawa a aljihu ina ta "sannu, sannu". Mutanen nan sun san girman baƙo. Uwar Afi ta sayi sabuwar tukunya saboda ni, aka kamo zakara aka ba ni wuƙa in yanka da kaina. Tsakar gida cike da buhunan shinkafa da doya, dangi sun fara sauka daga Kwatano, duk sun ɗinka atamfa iri ɗaya. Ɗaurin aure ran Asabar.

Laraba da safe muka tafi gidan Fada. Ya ce Ɗanladi ya jira a waje. Tsoho ne siriri mai tabarau, da wani ƙaton littafi a gabansa. Ina tunanin da wane baki za mu yi magana, sai na ji ya ce, "Malam, ka zo lahiya?" Ashe ya yi shekaru yana aiki a Damagaram. Na ji daɗi har raina, na kwance goro na zube masa a tebur. Ya ɗauki ɗaya ya ɓare, ya ce gaskiya kawai yake so, na ce ai ita na ɗauko tun daga Katsina.

"Shekara nawa ka san shi?"

"Sha huɗu, Fada. Bango ɗaya ne tsakaninmu."

"Yana da mata a can? Ko ya taɓa yi?"

"Ko kaza bai taɓa ajiyewa ba."

"Wani ya tilasta masa auren nan?"

"Wa zai tilasta wa wancan ƙaton?"

Yana rubutawa yana murmushi, ni kuwa kaina na ƙara girma. Sai ya ce, "A saninka, da niyyar zama da ita har mutuwa zai aure ta?"

To jama'a, ku faɗa mini tsakaninku da Allah, in dangin yarinya suka zo bincike a wurinmu, mene ne babban abin da ake kwantar musu da hankali da shi? Na gyara hula na ce, "Fada, ka kwantar da hankalinka, ɗiyarku ta faɗa hannu na gari. Ɗanladi ba ya duka, ba ya zagi. In Allah ya sa zama ya yi daɗi, falillahil hamdu. In kuwa zama ya ƙi, ba zai wulaƙanta ta ba, ba zai bar ta tana ruɓewa a ɗaki ba. Zai sallame ta cikin mutunci, ya maido muku ita har gida da kayanta cif, ko cokali ba zai ɓata ba. Ni na tsaya masa. A hannunmu ya tashi."

Na koma na jingina ina jiran godiya. Fada ya ajiye biro. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Shi ya faɗa maka haka da bakinsa?"

A nan ya kamata in farga, amma ina! Na tuna ranar nan a majalisa, da kai Mamman ka tasa shi gaba kana cewa zai sayi kaya ba damar mayarwa, shi kuma don ku ƙyale shi ya ce in ta ƙi ji sai ya yi irin namu. Na ce, "Ƙwarai, a gaban mutum shida ma."

Ya rufe littafin. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da mara lafiya. Ya ce a wurinsu ba shi ke ɗaura aure ba, ba kuma waliyyi ba. Su biyun ne ke ɗaura wa kansu da bakinsu, shi da jama'a shaidu ne kawai. Abin da suke ɗaurawa kuma ba ya kwantuwa sai ɗaya ya mutu. In ɗayansu ya faɗi alkawarin alhali a zuciyarsa ya ajiye cewa zai iya fita, to ba a yi aure ba, ko da garin duka ya ci shinkafa. Ya ce, "Ba zan tsaya a kan auren Asabar ba sai na gamsu."

Ya kira Ɗanladi ya maimaita masa da yarensu. Ɗanladi ya rantse wasa yake yi. Fada ya ce mai neman aure ana saura kwana uku ba abin da ba zai rantse a kai ba, kuma shaidar nan shi ya ɗauko ta da kansa daga Najeriya.

Da Ɗanladi ya zage ni da na ji sanyi. Shi dai ya yi gaba, ina bin sa a baya har muka isa gida. Uwar Afi ce ta biya masa. Ban san yarensu ba, amma ban nemi tafinta ba, don har kakannina na ji ta taɓo. Sabuwar tukunyar nan ban sake ganin hayaƙinta ba ranar. Abin da ya fi tayar mini da hankali Afi ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa Ɗanladi ko Fada ya yarda, ita sai ta yi tunani, don ba ta jira shekara biyar don a ɗauke ta gwaji ba. Ta shiga ɗaki ta janyo ƙofa, kekenta na ɗinki da ke ta ƙara tun zuwanmu ya yi shiru.

Alhamis da sassafe na koma gidan Fada ni kaɗai. Na tarar Afi ta riga ni, tana zaune a benci. Na ce wa Fada jiya gajiyar hanya ce ta sa na yi ta zuba, duk abin da na faɗa a soke.

Ya ce, "Jiya ka yi ƙarya, ko yau?"

Na ce to zan tafi Paraku in ɗauko dattawan zango su ba shi haƙuri. Ya ce ba fushi yake yi ba balle a ba shi haƙuri.

"Malam Lawal, na san hirar masu shan shayi, na zauna da ku. Bar abin da ya faɗa. Shekara sha huɗu, me ka ga ya yi?"

Akwai abin da na gani. Shekara tara ina binne shi, ko a majalisa in aka doso wurin sai in canza magana. Afi ta miƙe za ta ba mu wuri, na ce Fada ya ce mata ta zauna, ya riƙa juya mata da yarensu.

Na ba su labarin Saude, matata ta fari, uwar ɗiyata Hauwa. Ta je suna gidansu a Batsari, na ba ta kwana biyu ta yi uku. Ba wani abu ba ne, yayarta ce jini ya ɓalle mata. Amma a majalisa aka yi ta yi mini dariya ana kirana mijin-ta-ce, na shigo gida a fusace na rubuta takarda. Washegari na kira a-kori-kura. Abokaina suka zo taya ni lodi, ana yi ana raha. Da aka zo kan kabad ɗinta, wanda ni na ƙera mata, ya gagari mutum uku, na ƙwala wa Ɗanladi kira don duk layin ba mai ƙarfinsa. Ya fito ya zauna a dokin ƙofa ya ce, "Malam Lawal, shekara biyar ina cin tuwon matar nan. Hannuna ba zai fitar da kayanta ba." Na ce gidana ne, addinina kuma ya ba ni dama. Ya ce ya sani, shi dai ba da shi ba. Wata uku bai karɓi abinci daga cikin gidana ba. Kafin idda ta cika, sau uku yana barin aikinsa ya hau mota zuwa Batsari yin biko, biko da ba wanda ya aike shi. Duk dawowa sai ya ce mini, "Kalma ɗaya take jira." Ni kuwa girman kai ya hana. Ranar da labari ya zo an ɗaura mata aure da wani, na same shi a zaure yana hawaye, ƙato da shi, na yi masa dariya.

Fada ya gama juyawa. Afi ta yi wata 'yar magana. Ya ce, "Tana tambaya, kai fa, ka yi kukan?"

Na ce sai daga baya, kuma ba wanda ya gani.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta tashi ta fita. Fada ya buɗe littafin ya yi rubutu mai tsawo, ya juyo mini da shi na sa hannu. Ban san matsayin da ake ciki ba sai da na doso gida na jiyo ƙarar keken ɗinki tun daga bakin hanya.

Ran Asabar aka yi. E, na shiga cocin, Mamman, sai ka yi yadda za ka yi da ni. Na zauna can baya kusa da ƙofa. Sun yi waƙa sun tashi sun zauna sun durƙusa har na daina lissafi. Da aka zo wurin, ba wanda ya yi magana a madadin kowa. Ɗanladi ya riƙe hannunta ya faɗi nasa, ta faɗi nata tar kowa na ji, suka saka wa juna zobe. Uwar Afi ta huce har ta sa aka sake kamo mini zakara, ta ce amma in an tambaye ni wani abu a wurin biki in ce ba na jin yare.

Ni kaɗai na dawo, ango ya tsaya sai bayan wata guda. Da na iso Jibiya ban hau motar Katsina ba, na hau ta Batsari. Wannan ko a gida ban faɗa ba. Na yi sallama da mijin Saude, dattijo ne mai sayar da hatsi, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure ya shiga ya kira ta, ya dawo ya zauna. Ta tsaya bayan ƙyaure, muka gaisa, ta tambayi Hauwa. Na ce na zo neman gafara ne, na zalunce ta. Ta ce ta yafe tun tuni, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na gaya mata Ɗanladi ya yi aure, ta ce kai madalla, matar ta dace.

Na miƙe ina neman takalmina, sai ta ce, "Sau uku ya zo, Malam. Duk zuwan da ya yi sai na leƙa bayansa, ko kana nan."